Hanya ta Biyar da Tumatirin Yaya Habu

Jiya da hantsi na kai wa masu tsinkar tumatir ruwa a gonar yayana Habu, can bayan babban kanal na ban-ruwa ta hanyar Bunkure. Ina tsaye ina jiran su miƙo mini kofuna, sai hannuna ya kai kan wani ganye, na juya shi. Ga farin zanen nan a jikinsa, siriri, a karkace, kamar an ja shi da tsinin allura. Tsutsa ta dawo. Na saki ganyen, na nemi gindin darbejiya na zauna. Ladi, matar Yaya Habu, ta ɗago daga kan kwando ta ce, "Asabe, rana ce?" Na ce rana ce. Ƙarya nake yi. Bana azumi ya riga zafi wucewa, cikina a cike yake, ruwa kuma ga shi a hannuna. Wata bazara ce ta taso mini, ta 'yan shekarun baya, wadda azumi ya faɗo a tsakiyarta, wadda na ƙone wa yayana tumatir ba tare da na taɓa famfon feshi ba.

Ni ban iya kwana-kwana ba, don haka bari in faɗi abin yadda ya faru.

Ban taɓa zama a aji ba sai da na haifi shida, na aurar da biyu. Makarantar manya ce ta yamma a cikin garin Kura. Maigidana ya ce shi ba ya hanawa, ba ya kuma kaiwa. Yaya Habu ne ya ce zai kai. Shi bai yi boko ba, allo kawai ya riƙe, amma duk ranar makaranta, da an idar da La'asar, zai bar ban-ruwa ya zo ƙofar gida da jan babur ɗinsa ya danna oda sau biyu, in fito da littafina a leda in hau. Shekara huɗu muna haka. Wata rana wani a majalisar bakin injin casa ya ɗaga murya ya ce, "Habu, ɗalibar taka aji nawa take?" Yaya Habu ko tsayawa bai yi ba, ya ce, "Ajin da gyatumarka ba ta shiga ba." Daga ranar babu wanda ya ƙara tambaya.

Sana'ata turara shanshera ce, wato shinkafar da ba a casa ba, kamar yawancin matan unguwarmu. A jiƙa, a dafa a rabin duro, a shanya a kan tamfol, a kai inji. Hayaƙi ya cinye mini ido, baya kuma ba a magana. Malamarmu ce ta gaya mana cewa akwai shafuka a intanet masu sayen rubutun Hausa: girki, kiwo, noma, rainon yara. Ka rubuta a waya ka tura, in ya yi musu su sa, su turo maka ɗan abin da ya samu. Na gwada da abin da na sani, yadda ake turara shinkafa ba ta karye a inji ba. Suka karɓa. Abin da ake biya ba wani abu ba ne, na mai da magi ne da sabulu, amma babu hayaƙi a cikinsa, kuma babu wanda zai ce shi ya ba ni. Da babban yatsa ɗaya nake bugawa, ɗaya hannun yana riƙe da muciya.

Editan shafin ban taɓa ganinsa ba, saƙo kawai muke yi. Hajiya yake ce mini, ni da ko filin jirgi ban taɓa gani ba. Bayan rubutuna na uku ya ce, "Hajiya, aikinki yana da kyau, amma rubutun noma da sunan mace ba ya tafiya, maza ba sa buɗewa. Za mu riƙa sa Dakta Gambo, masanin noma." Ni da nake tsayawa tsakiyar kasuwa in wanke dillali tas in ya taɓa mini mudu, sai ga ni na rubuta masa, "To." Ya kuma ce dole kan labari ya zama da lamba: hanyoyi biyar, sirrika bakwai. "Uku ba ya jan mutane, Hajiya. Huɗu kuwa ba lamba ba ce." A gida an san ina rubutu a waya, amma babu wanda ya san abin da nake rubutawa, balle sunan da nake sawa. Kunyar sunan nake ji. Mace mai jikoki ta ari hular namiji, har da Dakta, ita da ko allura ba ta iya kallo.

To, bazarar da nake magana.

Ban taɓa ganin zafi irin nata ba. Tun hantsi rana take zama a kan mutum kamar an kifa masa kasko. Tabarma zafi, bango zafi, ruwan randa kamar an sauke shi daga murhu. Wuta ba a kawowa sai a yi kwana uku, ƙanƙara ta zama abin da ake bi da roƙo, in aka samu guda sai a fasa ta gida uku. Yara duk ƙurajen zafi sun feso musu a wuya. Hadari ya kan haɗu ta gabas da yamma, ya yi baƙi, iska ta kaɗa ganye, kowa ya ɗaga kai, sai ya watse ya bar mu da gumi. A haka muke azumi, a haka muke tsayawa gaban duro. Da an yi sallar Asuba muke hura wuta don mu sauke kafin rana ta take, amma shanya dole sai da rana, kuma dole a riƙa juyawa da ƙafa. Tafin ƙafata har ya daina jin zafin tamfol. Kafin Azahar harshe ya zama kamar soso, yawu ya ƙafe, mu huɗu muna aiki wuri ɗaya babu mai iya yi wa wata magana. Da La'asar a daka gero, a jiƙa tsamiya, a markaɗa wake in akwai. Ranar da babu wake, kunu ne da rogo.

Ruwan kanal ma a lokacin rabo ake yi, wannan layi yau, wancan jibi, saboda ana gyara a sama. Ranar ruwanka in ka makara, sai wani zagayen. Maza suna tsaye a bakin kanal da tiyo a hannu, da azumi a baki, ana harare-harare. Mutanen da suke sahu ɗaya a masallaci sun kusa dambe a kan wa ya toshe wa wa.

Sai tsutsa ta shigo. Wata 'yar mitsitsiya ce da take shiga tsakanin fatar ganye ta ci ta ciki, magani ya sauka a sama ita tana ƙasa tana ƙoshi. Daga ganye ta koma 'ya'ya, ka ga tumatir ja jawur, ka matsa, ka ga huda baƙa, ciki ya ruɓe. Gonaki suka fara yin ruwan ƙasa layi-layi, kamar wuta ta bi ta kansu.

Yaya Habu a shekarar da gangan ya makara da dashe. Dabararsa ita ce nasa ya nuna lokacin da na kowa ya ƙare, ya samu daraja, da kuɗinsa zai sayi taki da irin shinkafar damina. Rabin eka ce, amma ita ce duk abin da ya dogara da shi. Tumatirin ya yi kyau, ya yi fure, ya fara ɗaura 'ya'ya, tsutsar ta fara taɓa gefe. Ya sayi magani kala uku a kasuwa, ko gezau.

A wannan satin Edita ya turo mini saƙo: "Hajiya, kowa tsutsar tumatir yake nema. Hanyoyi biyar na kashe ta a gida ba tare da maganin kanti ba. Zuwa gobe."

Huɗu na sani, kuma duk na Inna ne, mahaifiyarmu, Allah ya jiƙanta. Tana da ɗan lambu a bayan gida tun muna yara. A jiƙa ganyen darbejiya a fesa. A barbaɗa toka da sassafe ganye yana da laima. A tsince ganyen da ya kamu a binne shi nesa. A dafa barkono da sabulun salo a tace. Ba sa kashe tsutsa duka, amma suna rage mata ƙarfi, kuma ba sa cutar da shuka. Na rubuta su yadda take faɗa, har da maganarta ta cewa darbejiya a bar shi kwana uku a ruwa, sai warinsa ya kori kaza, sannan ya yi. Na tura wa Edita huɗu. Ya dawo mini da shi: "Saura ɗaya."

Da yamma na je injin casa karɓo wayata daga caji. Wani direban babbar mota da ban san shi ba, ban kuma ƙara ganinsa ba, yana zaune a kan buhu yana ba da labari, wai a garinsu kananzir ake haɗawa da garin sabulun wanki a fesa, tsutsa ta mutu nan take. Ban tambaye shi garin nasu ba. Ban tambaye shi ko ya taɓa riƙe fartanya ba. Ban tambaye shi awo ba. Na dawo gida na zauna a kan turmi, na rubuta hanya ta biyar. Awon ni na yanka shi da kaina: kofin shayi ɗaya na kananzir a famfon feshi guda. Don ya cika layi, na ƙara da kalmomi huɗu: an gwada an tabbatar. Na tura, aka kira Magariba, na sha kununa da daɗi.

Kwana biyar bayan nan, bayan La'asar, muna tattara shanya ni da Ladi da maƙwabta biyu, sai ga odar babur sau biyu. Yaya Habu ya shigo da sallama, rigarsa ta manne da baya, leɓensa ya yi fari. Wayar Ladi ce a hannunsa.

"Ke 'yar boko," ya ce, "zo ki nuna mini ba a banza na ƙona mai ba. An turo wani abu a guruf ɗin manoma, kowa sai maganarsa yake. Karanta mini, Ladi in ta karanta kamar mai tsallake kwata."

Ladi ta ce, "Ai sai ka koya da kanka, tunda gori za ka yi."

Na karɓi wayar. Tun layin farko na gane abina. Wani ya kwafo shi daga shafin, ya yi yawo ya yi yawo, ya dawo har tsakar gidana. Gabana ya faɗi, amma ba faɗuwar tsoro ba ce, ta daɗi ce. In zan faɗi gaskiya in faɗe ta duka. Na gyara murya na fara karantawa kamar mai labarai a rediyo. Da na zo wurin warin da zai kori kaza, Yaya Habu ya yi murmushi ya ce, "Maimaita nan." Na maimaita. Ɗaya daga cikin maƙwabtan ta ce, "Kai, wannan Daktan ya san aikinsa, ba irin masu zama a ofis ba ne." Kaina ya ƙara girma.

Na karanta ta biyar. Ya murza gemu.

"Darbejiya kwana uku," ya ce. "Tsutsar nan ba za ta ba ni kwana uku ba. Wannan ta kananzir ɗin fa, Asabe, kin taɓa jin ta?"

Ga ƙofa a buɗe. Kalma ɗaya ce: kar ka yi. Ko in ce ban yarda da ita ba. Ko in ja shi zaure in ce, Yaya, ni na rubuta, ta ƙarshen nan a bakin wani direba na tsinta. Amma ga mata uku suna kallona, yanzu-yanzu suka gama yabon Dakta. Na ce, "Haka aka rubuta."

"Na ji haka aka rubuta. Ke me kika gani?"

"An ce an gwada an tabbatar, Yaya."

Ya daɗe yana kallona. Sannan ya ce, "To, shi ke nan," ya karɓi wayar ya tafi.

Na ce a raina in an sha ruwa zan kira shi. Aka sha ruwa, jikina ya mutu, na ce da safe. Na kuma ce wa kaina wataƙila ma tana yi, ai direban bai yi kama da maƙaryaci ba. Da safe ina hura wuta a ƙarƙashin duro, shi yana can ya riga ya goya famfo. Rabin ekar nan duka ya bi, layi-layi, da azumi a bakinsa, bai bar ko fangali ɗaya ba.

Kafin Azahar ganye ya yi laushi ya rataye. Washegari ya zama kamar an kwara masa tafasasshen ruwa. Furen ya zube ƙasa kamar an karkaɗe shi. Ranar ruwansa sai jibi, ya bi maƙwabtan gona yana roƙo su ba shi rabin awa ya wanke shukar, wani ya ba shi, amma aikin gama ya gama. Da na je gonar a rana ta uku, tun daga bakin kanal warin kananzir ya tare ni. Har yau in ana zuba kananzir a risho sai in fita daga ɗakin.

Muka taru mu mata muka tsince abin da ya fara nuna, ko za a tsira da wani abu. Dillali ya zo ya ɗauki guda ɗaya, ya kai hanci, ya mayar cikin kwando a hankali, ya ce, "Allah ya mayar da alheri, Malam Habu," ya hau babur ɗinsa. Muka ce to a yi kauɗa. Kwana biyu muna zaune a rana muna yanka tumatir gida biyu muna jerawa a ƙasa, ruwansa yana cin yankan da ke yatsunmu, ƙuda yana bin fuska, ba halin ko kurkure baki. Ya bushe, warin bai fita ba. Ladi ta zuba wa awaki, suka sunsuna suka juya.

Yaya Habu bai zagi kowa ba. Wanda duk ya yi masa jaje sai ya ce ƙaddara ce. Ladi ce ba ta haƙura ba. Ranar da muka zubar da kauɗar, a gidansu na sha ruwa. Ta miƙo mini kofin kunu, ta ɗaga hannu sama, ta ce, "Wannan Dakta Gambo, ko waye shi, ko a ina yake, Allah ya isa tsakaninmu da shi. A bakin mai azumi na faɗa." Yara suka ce amin. Ta juyo ta kalle ni. Na ce amin. Da bakina na ce amin, na kuma kai kofin bakina.

Na tura wa Edita saƙo na ce ya cire rubutun, ta biyar ƙarya ce, ta ƙone gona. Ya ce, "Subhanallah, Hajiya, Allah ya kiyaye gaba. Amma shi ne ya fi kowanne tafiya a wannan watan, kuma tunda an biya ya zama na shafi. Za mu ƙara a ƙasa cewa a tuntuɓi masana." Na zage shi, zagin da ban taɓa rubuta irinsa ba, don a baki na saba yi. Amma ko ina zagin na san ba shi ya zauna a kan turmi ya yanka awo ba. Kuma ko ya cire, an riga an kwafe, yana cikin wayoyin mutanen da ba zan taɓa sani ba. Gonaki nawa ne bayan ta Yaya Habu? Ban sani ba, ba kuma zan sani ba sai ranar da za a tambaye ni.

Kuɗin rubutun na sayi sukari da gero da su na kai wa Ladi. Ta riƙe hannuna ta ce, "Asabe, ke kam 'yar'uwa ce ta gari." Da mari ta yi mini da ya fi mini sauƙi.

Aka yi Sallah ba armashi. Sati uku bayanta ruwan farko ya sauka, da rana tsaka, da iska mai ƙarfi, ƙasa ta tashi da ƙamshin nan da yake sa mutum ya ji kamar ya ɗebi ƙasar ya ci. Yara suka fita tsirara suna ihu. Kowa ya shiga neman taki da iri. Ranar kasuwa na ga Yaya Habu ya dawo a ƙafa, da buhu a ka. Na ce, "Yaya, ina babur?" Ya ce, "Ya zama taki." Ya yi dariya, ya wuce. Jan babur ɗin nan da ya yi shekara huɗu yana kai ni koyon baƙi da wasali. Abin da na koyo a kansa, shi na sa na raba shi da shi.

Na yi wata guda ina ɗauke da maganar kamar mai ɗauke da garwashi a zani. Ranar da suke dashen shinkafa na karɓi kai abinci daga hannun Ladi. Gonar ta zama taɓo har gwiwa, kwaɗi suna ta kuka, sama ta yi lumshi. Ya fito ya wanke hannu a ƙaramin kanal, ya zauna ya buɗe kwano. Na jira 'yan aikin suka ja nasu gefe.

"Yaya, ni ce Dakta Gambo."

Bai ɗago ba. Ya gutsuri tuwo ya ce, "Na sani."

"Ka sani? Tun yaushe?"

"Tun da kika ce sai warinsa ya kori kaza. Duk duniya wa yake faɗin haka in ba Inna ba? Daktan ya san kajin Inna ne?"

Da ƙyar na ce, "To ka san ni ce, ka san ba Dakta ba ce, me ya sa ka fesa?"

Sai a lokacin ya kalle ni. "Don ke ce. Da wani Dakta ne can da ban sani ba, fangali ɗaya zan gwada in jira in gani. Mahaukaci ne ni? Amma na ji huɗu na Inna ne, na ce ta biyar ma a wurin kirki kika samo ta. Sau biyu na tambaye ki, Asabe."

"Sau biyu," na ce.

"Kuma ban taɓa jin kin yi ƙarya ba. Rashin kunya dai na san ki da ita tun kina goye."

Na yi kuka a bakin kanal ɗin nan kamar ba uwar mutane ba. Bai rarrashe ni ba, bai kuma ƙara mini ba, tuwonsa ya ci gaba da ci. Na ce me ya hana shi gaya wa Ladi. Ya ce, "Ke kika ɓoye sunanki, na ɗauka kina da dalili. Ba ni zan tona ki ba. In kin ga dama ki faɗa da bakinki, ai Allah ya ba ki shi har ya yi yawa."

Ban faɗa ba. Wannan ma in rubuta shi. Na bar wancan shafin, na koma wasu, na ce da sunana ko a bari. Biyu suka ce a bari, ɗaya ya karɓa. In abu huɗu na sani, huɗu nake rubutawa, wanda yake son na biyar ya je ya haifo shi. Amma Ladi ban gaya mata ba. Duk bazara rubutun sai ya dawo guruf kamar yadda tsutsar take dawowa, ni kuma sai in bi mutane ɗaya-ɗaya ina cewa, "Kar ku yi ta kananzir ɗin nan, ku tambayi Habu." Kamar wata mai taimako. Kamar ba ni na haƙa ramin ba.

Jiya, ina zaune a gindin darbejiyar nan, sai wayar Ladi ta yi ƙara. Ta duba, ta yi tsaki. "Ga la'anannen nan ya dawo. Hanyoyi biyar. Har wani yana tambaya ko kananzir ɗin na risho ne."

Na ce, "Ba ni wayar."

Na danna wurin ɗaukar murya, a gabanta, a gaban masu tsinka, Yaya Habu yana tsaye da kwando a kafaɗa. Na ce, "Salamu alaikum manoma. Sunana Asabe, ƙanwar Habu mai gona bayan babban kanal, mai turara shanshera. Babu wani Dakta Gambo, ni ce. Huɗun farko na mahaifiyata ne, ku yi su. Ta biyar ƙarya ce, ni na ƙirƙiri awon, ban gwada ba, ban tabbatar ba. Ta ƙone gonar yayana. Wanda ta ƙone wa tasa, ga ni nan a Kura, gidana ba ɓoyayye ba ne. Ku tura wannan duk inda kuka tura wancan." Na saki, ya tafi.

Ladi ta karɓi wayarta ta ɗaure a bakin zani, a hankali, kamar mai ɗaure kuɗin adashi.

"Ashe ke na yi wa Allah ya isa, kika ce amin?"

"Ni ce."

"Kika kawo mini sukari."

"Na kawo."

Ta juya ga mijinta. "Kai kuma ka sani?" Ya gyara kwandon a kafaɗarsa, ta gane. Sannan ta ce, "Ban janye ba tukuna. Sai na yi tunani. Tashi ki ɗauki kwando, ba zama aka zo yi ba, ga tsutsa tana jiranmu." Na tashi na ɗauka. Har muka tashi ba ta ƙara yi mini magana ba, yau ma ba ta aiko yaro gaishe ni ba, ban kuma ga laifinta ba.

Jiyan, da za a tafi gida, na kama hanya a ƙafa da bokitin kofuna. Na ji ƙarar tsohon keke a bayana, shi Yaya Habu yake hawa tun shekarar. Ya tsaya a gefena, ya sa ƙafa ɗaya a ƙasa, ya kaɗa ƙararrawa sau biyu, ya nuna mini kariyar bayan keken da haɓa.

"Hau, Dakta."

Na hau. Keken yana kuka, shi yana nishi, gashin ƙeyarsa duk ya yi fari, rana tana dukanmu har Kura. Ban ce masa ya daina kirana haka ba. Duk bakin nan nawa, ban samu na faɗin wannan ba.